The Mezzanine: shafi 135 a kan igiyar takalmi, tsinken lemo da sitefila

Duk wanda yake karanta labari don ya ji wa ya auri wa, ko wa ya ci amanar wa, to ya riƙe kuɗinsa. A littafin nan ba a yi aure ba, ba a yi rasuwa ba, ko cacar baki ba a yi ba. Ga abin da ya faru daga farko har ƙarshe: wani matashin ma'aikaci mai suna Howie ya dawo daga hutun cin abincin rana, wajen ƙarfe ɗaya, ya shiga ginin ofishinsu, ya hau matakalar nan mai tafiya da kanta zuwa ɗan benen da yake aiki, wato mezzanine ɗin da ya ba littafin suna. A shafin farko ya nufi matakalar, a shafin ƙarshe ya kai sama. Hannunsa riƙe da wani baƙin littafi da 'yar farar jakar takarda ta kantin magani na CVS, an manna rasit a bakinta da sitefila. Shi ke nan. Sauran duk tunanin da ke kai-komo a kansa ne, babi 15, shafi wajen 135.

Nicholson Baker ne ya rubuta shi, Ba'amurke, haifaffen 1957, wanda ya tashi a garin Rochester na jihar New York. Shi ne littafinsa na farko, ya fito a 1988, bayan wasu sassansa sun riga sun fito a mujallar The New Yorker. Nawa na hannu ne, bangon ya sha jiki, takardar ta fara komawa ruwan ƙasa. Ni kuwa aikina kula da sito ne a ofis. Ni nake ba da takarda da biro da fayil da allurar sitefila, ni nake rubuta wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san da wane ido na duba littafin, domin kusan rabin kayan da Howie yake magana a kansu suna jere a kan kantata, ina ƙirga su duk ƙarshen wata.

Abin da ya fitar da Howie daga ofis shi ne igiyar takalminsa ta hagu ta tsinke dab da lokacin cin abinci. Ta dama kuma jiya-jiya ta tsinke, yana shirin fita aiki. Mahaifinsa ne ya saya masa takalman shekara biyu da suka wuce, lokacin da zai kama aiki. Ni da kai da mun ce sharrin mai ƙera igiya ne, mu sayi wata mu wuce. Shi kuwa sai abin ya tsaya masa a rai: yaya aka yi igiya biyu suka yi shekara biyu suna aiki, sannan suka mutu kusan tare? Sai ya kawo dalili biyu yana auna su. Na farko, jan da ake wa igiya kowace safiya wajen ɗauri shi ke cinye ta a daidai ramin da take gogawa. Na biyu, tafiya ce, lanƙwasar da takalmi yake yi a kowane taku ita ke goga igiyar a hankali. Idan na farko ne, to ya kamata a duba ko hannu yana jan ɓangarorin biyu da ƙarfi ɗaya. Idan na biyu ne, ya kamata a duba ko ƙafafun biyu suna taku iri ɗaya. Haka ya yi ta bin maganar kamar alƙali da shaidu, ba tare da ya nuna cewa wasa yake yi ba. Can wajen ƙarshen littafin ya gano cewa wani mai bincike a ƙasar Folan ya taɓa yin nazari a kan yadda igiyar takalmi take gogewa da yadda ƙullinta yake zamewa, har ya buga sakamakon a mujallar masana masaƙa. Murnar da Howie ya yi da jin cewa akwai wani ɗan Adam a wata uwa duniya da abin ya dama kamar shi, ita ce wurin da littafin ya fi taɓa ni.

A nan ne na fahimci abin da Baker yake yi. Mutane suna cewa littafi ne a kan ƙananan abubuwa, amma a ganina littafi ne a kan mutanen da suka yi ƙananan abubuwan, waɗanda ba wanda ya san sunansu. Ɗauki layin ƙananan hujin nan da ake yi wa takarda don ta yage daidai, irin na littafin rasit ko kan sarki ko takardar bayan gida. Howie ya tsaya ya yi masa kirari sosai, yana tambayar me ya sa ba a koyar da yara wanda ya ƙirƙiro shi, me ya sa ba a yi masa ranar tunawa ba. Na yi dariya, sannan na ɗauko littafin rasit ɗin da nake yagewa kullum na ɗaga shi wajen taga. Hujin a jere suke, tazararsu ɗaya. Da sun yi kusa da juna da yawa, takardar za ta rabu tun a cikin kwali. Da sun yi nisa, za ta yage ta ci rubutu. Wani ne ya zauna ya gwada har ya samu tsakiyar, ya tafi gida, ya tsufa, ba wanda ya ce masa sannu. Shekara da shekaru ina cin moriyar aikinsa ban taɓa kawo shi a raina ba.

Maganar sitefila kuwa, wallahi kamar a ofishinmu ya zauna. Ya kwatanta yadda mutum zai daidaita takardu masu kauri, ya gyara gefensu, ya saka su a bakin sitefila, ya tattara ƙarfinsa ya danna, sai ya ji ta tafi fayau babu komai a ciki. Allura ta ƙare. Abin da ya rage sai ɗan tabo a kan takarda da wani haushi wanda bai kai a faɗa wa kowa ba. Ni ne wanda ake zuwa wa da wannan haushin, don haka na san fuskar da ake yi. Bai tsaya nan ba, ya bi tarihin sifar sitefila, ya ce tana bin sahun sifar kan jirgin ƙasa da hannun garmaho a baya a baya: lokacin da suke baƙaƙen ƙarfe masu tsayi ita ma haka take, da suka koma masu sulɓi ita ma ta bi, da suka zama masu kusurwa ta sake bi. A sitonmu akwai wata tsohuwa ta ƙarfe zalla, mai nauyi, wadda ta girmi yawancin ma'aikatan, ga kuma sababbin na roba da ba sa shekara. Da na jera su a tebur sai na ga maganarsa a fili.

Sai tsinken shan lemo. Howie ya tuna lokacin da aka bar na takarda aka koma na roba a Amurka, da ranar da ya fara ganin tsinken ya taso daga cikin gwangwani ya yi iyo. Bayaninsa shi ne kumfar lemon tana manne wa jikin robar ta ɗago ta, abin da ba ta yi wa na takarda. Ya ce amfanin tsinke shi ne ka riƙe abinci a hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun, ka sunkuya ka zuƙa ba tare da ka taɓa gwangwanin ba. Tsinke mai iyo ya rushe wannan tsarin, kuma injiniyoyin da suka kawo shi ba su hango hakan ba. Abin dariya, wanda ya karanta yau ya san ƙarshen labarin da Howie bai sani ba: Tarayyar Turai ta hana sayar da tsinken roba na amfani sau ɗaya tun Yulin 2021, na takarda ya dawo, yanzu kuma kukan da ake yi shi ne yana jiƙewa a baki.

Wannan ne ɓangare na biyu na abin da littafin ya iya. Kaya suna canzawa a hannunmu ba tare da sanarwa ba, kuma ba wanda yake rubuta ranar. Howie ya ba da labarin yadda ake kawo musu madara har ƙofar gida a cikin kwalba lokacin yana yaro, yadda kwalba ta koma kwali, yadda mai kawowar ya yi ta raguwa har ya daina zuwa, babu bankwana. Ya yabi bakin kwalin madara, wanda ake buɗewa a turo shi ya zama mazurari, ya kuma yi jimamin kwalbar. Bai zaɓi ɓangare ba, duka biyun yake so. Bayan na gama wannan babin na tambayi kaina yaushe rabon da in kankare katin waya. Ka tuna yadda ake yi: a nemo kwabo ko makulli, a bi farin fentin a hankali don kada a haɗa da lamba, garin ya maƙale a farce, a karanto lambobin ana dannawa, a yi kuskure a na ƙarshe a sake daga farko. Daga baya aka koma 'yar takardar da ake bugawa, yanzu kuma yawancinmu daga asusun banki muke turawa. Akwai ranar da na kankare na ƙarshe, kuma ban san ita ce ta ƙarshe ba. Baker bai san katin wayarmu ba, amma shi ya sa na tuna.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci ga mai niyyar saye. Littafin cike yake da sharhin ƙasan shafi. Kana cikin jimla sai ka ga 'yar lamba, ka sauka ƙasa, ka tarar da rubutu ƙanana wanda wani lokaci yakan cinye shafin ya tsallaka na gaba, har ya bar wa ainihin labarin layi biyu ko uku a sama. Wanda ya zauna gaban malam da littattafan fiƙihu masu jar takarda, inda matani yake ɗan tsiri guda, sharhi da hashiya suka kewaye shi, ba zai ji baƙunta ba, ya riga ya saba da sa yatsa a wuri ɗaya ido yana wani. Mafi daɗin abin da ke littafin a ƙasan yake: tsinken lemo, tarihin sitefila, farantin ƙanƙara, mariƙin ƙofa. Akwai ma wani sharhin da aka yi a kan sharhin ƙasan shafi shi kansa, inda ya yabi tsofaffin marubuta irin su Edward Gibbon da suka ƙware a kai. Saboda haka shawarata ita ce a nemi na takarda. A waya sharhin yakan koma wani wuri dabam, sai ka danna lamba ka tafi, ka danna ka dawo, ba ka ganin yadda ƙasa take cin sama a shafi guda, alhali wannan ganin rabin wasan ne. Kamfanin Vintage da Grove Press a Amurka da Granta a Ingila duk sun buga shi da bango mai laushi, kowanne ka samu ya yi.

Sharhin mariƙin ƙofa ya cancanci a tsaya a kansa. Ya fara da ƙorafi a kan mariƙan zamani, ya gangara zuwa na gidansu na da, sai ga laktayen mahaifinsa rataye a jikinsu, domin nan uban yake ajiye su. Daga nan ya shiga yadda shi da uban suke yaba laktayen juna, da yadda wata rana ya ga wanda ya bari a gida rataye cikin na uban, ya saje da su. Ba inda ya ce yana ƙaunar mahaifinsa. Ba ya buƙata. Namiji da ubansa sau da yawa ta kan kaya suke magana, kuma Baker ya san haka. Wanda ya ce littafin ba shi da zuciya bai sauka ƙasan wannan shafin ba.

Baƙin littafin da Howie yake riƙe da shi kuwa na Marcus Aurelius ne, sarkin Rum da ya yi mulki daga shekara ta 161 zuwa 180, wanda ya bar rubuce-rubucen nasiha ga kansa. Howie ya zauna a benci a rana da biskit da madararsa, ya buɗe, ya ci karo da inda sarkin yake cewa rayuwar ɗan Adam gajeriya ce kuma ba a bakin komai take ba. Nan take ya ƙi yarda, ya rufe littafin. A nan ni da Howie muka ɗan raba hanya. Mu da muka tashi da jin cewa duniya ba matabbata ba ce, maganar sarkin ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, kuma gaskiya ce. Howie ya yi gaggawar ture ta, irin gaggawar mai ƙuruciya da lafiya da albashi. Amma ya kama rabin gaskiya shi ma: gajartar abu ba ta mai da shi wulaƙantacce. Na so a ce Baker ya bar su sun ɗan yi kokawa, maimakon ya ba yaronsa nasara a shafi guda.

Wannan ya kai ni ga abin da ban so ba. Duniyar Howie duniya ce da komai yake aiki. Matakala tana tafiya, wuta ba ta ɗaukewa, famfo yana zuba, babbar masifar ranar ita ce igiyar takalmi. Ba ya tunanin kuɗin haya da tsoro, ba wanda yake jiran albashinsa a ƙauye. Ko aikin da kamfaninsu yake yi ba a faɗa mana ba. Budurwarsa ko suna ba a ba ta ba, harafin L. kawai. Akwai wurin da ya ga mai shara yana goge robar da ake dafawa a jikin matakalar: mutumin ya tsaya cak da tsumma a hannu, robar ce take zuwa tana wucewa ta ƙarƙashin tsumman har ta zagayo. Howie ya yaba dabarar ƙwarai, ni ma na yaba. Sai dai dabarar ya gani, mutumin bai dame shi sosai ba. Mai yawan tunanin wanda ya ƙirƙiro hujin takarda ya kamata ya ɗan ƙara tsayawa a kan wanda yake gabansa da tsumma.

Na biyu, akwai dogon zango a ban ɗakin maza na ofis. A ciki akwai muhawara mai kyau a kan takardar goge hannu da injin busar da hannu, inda ya nuna cewa masu kawo injin sun manta ana goge fuska ma, ba hannu kaɗai ba. Amma akwai kuma bayani dalla-dalla a kan abin da ake shiga yi, da kunyar tsayawa kusa da babban ma'aikaci, da wata dabarar rashin ta-ido da yake yi a zuciyarsa don ya samu sakewa. Ba batsa ba ce, amma ba abin da za ka karanta wa surukinka ba ne. Na uku, wani sharhin yakan yi tsawo har ya gundura. Wanda ya tashi daga zanen da ke jikin matakala ya bi ta takalmin zamiya kan ƙanƙara ya ƙare a faifan garmaho, na kai ƙarshensa ne don kada a ce na tsallake.

Turancinsa ma ba na gaggawa ba ne. Jimla takan yi rabin shafi, ga sunayen kantuna da kayan Amurka na shekarun 1960 zuwa 1980 birjik, waɗanda ba lallai ka san su ba. Ba sai ka san su duka ba, bayaninsa yakan isa ka gane abin. Wani abokin aikina ya ara, bayan 'yan kwanaki ya dawo min da shi ya ajiye a kan kanta. Ya ce, "Malam, na kai shafi na talatin mutumin nan bai hau benen ba. Ni fa ina da iyali." Na ce, "Alhaji, ai ba gudu ake yi ba." Ya ce to in riƙe abina, ya sa hannu a kan biro biyu ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Littafin ba na kowa ba ne, kuma ko wanda zai so shi bai kamata ya zauna masa zama ɗaya ba. Babi guda bayan la'asar ya isa.

Abu biyu ne nake yawan komawa in sake karantawa. Ɗaya jerin manyan ci gaban da Howie ya ce ya samu a rayuwarsa, guda takwas, uku daga ciki duk a kan ɗaurin takalmi suke. Sauran sun haɗa da ranar da ya fara goge harshe tare da haƙora, da gano cewa shara tana da daɗi, da sayen hatimi mai ɗauke da adireshinsa don biyan kuɗaɗe ya yi sauƙi. Ba digiri, ba samun aiki. Ɗayan kuma jadawalin da ke kusa da ƙarshe, inda ya ƙiyasta sau nawa yake tuna kowane abu a shekara. L. ce a sama da sau ɗaruruwa, sai danginsa, sai goge harshe, sai abin toshe kunne. Babban masanin falsafar nan na Jamus, Kant, yana can ƙasa, bai samu ko sau ɗaya cikakke a shekara ba. Na gwada yin nawa a bayan wani tsohon fom, na ga inda kuɗin makarantar yara ya zauna da inda cajin waya ya zauna, na ninke takardar na sa a aljihu kafin wani ya shigo.

Wanda ya karanta ya ji daɗi, akwai wasu biyu na Baker masu irin wannan tafiyar: Room Temperature na 1990, inda uba yake ba jaririyarsa madara a kwalba yana tunani, da A Box of Matches na 2003, inda wani magidanci yake tashi da asuba kullum ya kunna wuta da ashana ɗaya. Amma a yi hattara wajen oda, kada a ga sunan marubucin kawai a danna. Vox da The Fermata da House of Holes duk nasa ne, kuma waɗannan batsa ce a fili, ba su da alaƙa da sitefila. A duba suna da kyau, The Mezzanine, a kuma tambayi mai sayarwa ya turo hoton shafi guda na ciki kafin a biya, domin wasu bugun rubutun sharhinsu ƙanana ne ƙwarai, mai matsalar ido zai sha wuya.